Yadda Mai Zanen Gine-gine Zai Koma Gina Nasa, da Yadda Zai Tsara Taimako da Ribarsa

Mai zanen gine-gine da ya shekara goma ko fiye a bakin aiki yakan wayi gari da wani tunani da ke cin ransa. Shi ya zagaya filin tun yana fako, shi ya kwana yana gyaran taswira, shi ya yi ta kai-komo a ofishin da ke ba da izinin gini, amma ranar da aka sayar da ginin, abin da ya shiga aljihunsa ladan aiki ne kawai, ribar kuwa ta tafi wurin mai jari. Daga nan sai ya fara tambayar kansa abin da zai hana shi ma ya nemi fili, ya zana, ya gina, ya sayar ko ya zuba 'yan haya. Wasu sun bi wannan hanya sun yi arziki har sun kafa gidauniya, wasu sun bi ta sun karye, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne ya ɗanɗana duka biyun. Bayanin da ke tafe na wanda ya riga ya iya zane ne, yake son sanin abin da zai ƙara a kan iyawarsa kafin ya sa kuɗinsa.

Lissafi kafin zane

Abu na farko da za ka amince da shi shi ne cewa sana'ar ta sauya, ko da yake siminti da rodi da magina ba su sauya ba. A da kana sayar da ilimi ne, idan ginin ya ƙi sayuwa kai dai an biya ka. Yanzu kuwa kai ne na ƙarshe da za a biya, bayan mai fili da ɗan kwangila da lauya da banki da dillali da hukumar haraji duk sun ɗauki nasu. Saboda haka takardar da za ka fara cikawa takardar lissafi ce, kuma ana yin ta ne daga ƙarshe zuwa farko.

Ga misali da alƙaluma na kwatance kawai. A ce binciken kasuwa ya nuna cewa ginin da kake tunani zai sayu a kan 100 idan an gama. Aikin ginin kansa zai ci 55, ladan ƙwararru da kuɗin izini 8, kuɗin rance da la'adar dillalai da talla 10, kuɗin ko-ta-kwana 5, ribar da za ta sa kwalliya ta biya kuɗin sabulu kuma 12. Jimla 90 ke nan, abin da ya rage 10, kuma wannan 10 ita ce iyakar abin da filin ya cancanta a wurinka. Idan mai fili ya kafe a kan 16, to shida ɗin daga ribarka za ta fito, wato rabinta ya tafi tun ba a haƙa harsashi ba. Mai zane yakan ga fili ya shiga ransa saboda tudunsa ko bishiyoyinsa ko yadda rana ke faɗuwa a bayansa, sai ya biya abin da aka ce, yana ganin kyan zanensa zai cike giɓin. Da wuya kyan zane ya cike irin wannan giɓi, domin farashin da masu saye za su iya biya a unguwa yana da rufin da ba ya ɗagawa don an yi wa gini ado.

Dole kuma ka koyi kallon taswirarka da ido na biyu. Ɗauki koridon da ke tsakanin ɗakuna a bene mai hawa huɗu, tsawonsa mita 30. Ka zana faɗinsa mita biyu domin mutane su wuce juna a sake, alhali dokar gini a wurin ta yarda da mita ɗaya da rabi. Rabin mitar nan, idan aka ninka ta da tsawon koridon da yawan hawa, ta zama murabba'in mita 60 da za ka gina, ka shafe, ka yi wa fenti da fitila, ba tare da wani ya biya hayarta ba, kusan girman ƙaramin gida guda ke nan. Ba ina cewa a ƙuntata koridon ba ne. Wataƙila faɗin nan shi ne zai sa mai saye ya zaɓi gininka a kan na maƙwabci. Abin da ake bukata shi ne ka san nawa ya ci, ka yanke hukunci da saninka, kuma a nan ne mai zane ya fi sauran masu harkar gidaje, domin shi ya san inda za a rage ba a cuci gini ba, da inda ragewa za ta jawo yoyo da tsagewar bango bayan shekara biyar.

Aikin farko

Ka fara da abin da idan ya lalace ba zai tafi da gidan da iyalinka ke kwana ba. Gyaran tsohon gini, ko gidaje biyu zuwa huɗu a fili ɗaya, ya isa ya koya maka kusan duk abin da babban aiki zai koya maka, da asara kaɗan. John Nash, wanda daga baya ya tsara titin Regent a Landan, ya gaji fam 1,000 daga wani kawunsa a 1778, ya zuba a ginin gidaje a yankin Bloomsbury. Gidajen suka ƙi samun masu shiga a kan lokaci, a 1783 aka ayyana shi a matsayin wanda ya karye, ya koma Wales ya shafe shekaru yana ƙananan ayyuka kafin ya sake ɗagowa. Iyawarsa ba ta da shakka, abin da ya kayar da shi rashin kuɗin da zai riƙe shi ne har masu haya su zo.

Akwai dabarar da ta girmi Nash wadda har yanzu tana aiki ga mai ƙaramin jari. John Wood babba, a birnin Bath na Ingila, da zai gina dandalin Queen Square daga 1728, bai sayi filin ba. Ya karɓi hayarsa ta dogon zango daga mai shi, Robert Gay, ya zana fuskar gidajen gaba ɗaya, ya yanka filin, sannan ya ba magina daban-daban haya bisa sharaɗin kowa ya gina fuskar gidansa daidai da zanen, abin da ke baya kuwa ya tsara yadda ya ga dama. Da haka kuɗin gini ya fito daga aljihun wasu, shi kuma ya riƙe zanen da bambancin da ke tsakanin hayar da yake biya da wadda yake karɓa. A yau makamancin wannan shi ne haɗin gwiwa da mai fili: shi ya kawo ƙasa, kai ka kawo zane da izini da kula da aiki, a raba gidajen ko ribar bisa kason da aka rubuta a gaban lauya tun kafin a sauke tifar yashi ta farko.

Maganar takardun fili ba ta bukatar dogon bayani, amma ba ta karɓar sakaci. Lauyanka, ba na mai sayarwa ba, shi zai bincika takardar mallaka a ofishin rajistar filaye, ya tabbatar ba a jinginar da filin ba, ba ya cikin rikicin gado, kuma an yarda a yi irin ginin da kake nufi a wurin. Safiyo ya auna iyakoki, injiniya ya gwada ƙasa. Idan da hali, ka ba da kafin alƙalami bisa sharaɗin cewa cinikin ba zai kammala ba sai izinin gini ya fito.

Bashi da lokaci

Kusan babu mai wannan harka da ke gini da kuɗinsa zalla, kuma rance yana ninka riba kamar yadda yake ninka asara. A ce aikin ya ci 100, ka sa 30 naka, ka ranto 70. Idan aka sayar a kan 120, ribar 20 ta kai kashi biyu cikin uku na jarinka. Idan kasuwa ta faɗi aka sayar a kan 90, mai rance zai ɗauki 70 ɗinsa cif, asarar 10 duka a kanka take, sulusin jarinka ya tafi saboda farashi ya gaza kuɗin aikin da kashi 10 cikin ɗari kawai. Wanda ba ya son mu'amala da kuɗin ruwa yana da hanyoyin bankin Musulunci irin su musharaka, inda ake tarayya a riba da asara, da istisna'i, inda ake ƙulla cinikin abin da za a gina kafin a gina shi. Amma ko ta wace hanya aka bi, jinkiri yana cin kuɗi, domin mai gadi da inshora da hayar kayan aiki ba sa tsayawa don aiki ya tsaya, farashin kayan gini kuma ba ya jiran kowa.

Labarin 'yan'uwan nan huɗu na gidan Adam ya cancanci a tsaya a kansa, domin kusan duk kurakuran suna ciki. Robert Adam yana cikin fitattun masu zanen Birtaniya a zamaninsa lokacin da shi da 'yan'uwansa suka karɓi hayar wani fili a bakin kogin Thames da ke Landan a 1768, hayar shekara 99, suka fara aikin da suka sa wa suna Adelphi, wato 'yan'uwa da harshen Girka. Filin gangare ne, don haka suka gina manyan rumbuna a ƙasa domin su ɗaga gidajen su yi daidai da titi, suna sa ran gwamnati za ta karɓi hayar rumbunan ta adana kaya. Gwamnati ba ta karɓa ba, ga shi ruwan kogi yana shiga ciki idan ya cika. Ana cikin haka rikicin bashi na 1772 ya faɗo, bankuna suka rufe hannu. Ba su tsira ba sai da majalisar dokoki ta ba su izinin rabar da gidajen ta hanyar cacar tikiti a 1773, aka yi cacar a 1774. Sun kashe makudan kuɗi a kan mai haya da bai sa hannu a takarda ba, sun fara aikin gaba ɗaya a lokaci guda, kuma sun ɗauka rance zai ci gaba da samuwa kamar jiya. Gyaran waɗannan a aikace shi ne kada ka lissafa kuɗin haya ko na ciniki sai wanda aka rattaba wa hannu, ka kasa aikin kashi-kashi ta yadda kashin farko zai iya tsayawa da ƙafarsa idan na biyu bai samu ba, kuma ka ajiye kuɗin da zai riƙe aikin na wasu watanni ko da ba a sayar da ko ɗaki ɗaya ba. Ranar biyan leburori, lokacin da suka jeru a bakin ƙofa da kwanukan kwaɓa a gefe suna jiran a kira suna, ƙimar filinka a takarda ba ta biyan kowa, tsabar kuɗi ake nema.

Riga biyu a jiki ɗaya

Ka buɗe kamfani daban don harkar gidaje, da asusunsa daban, kada ka gauraya shi da ofishin zane, kuma manyan masu harkar sukan yi wa kowane aiki kamfaninsa domin faɗuwar ɗaya kada ta ja sauran. Ofishin zanen ya riƙa karɓar ladansa daga kamfanin kamar yadda zai karɓa daga baƙo, in ba haka ba ba za ka taɓa sanin wanne ke ciyar da wanne ba. Mafi muhimmanci, a aikin da kake da jari a ciki kada ka zama kai ke kiɗanka kai ke rawarka. A al'adar sana'ar, mai zane ne ke duba aikin ɗan kwangila ya shaida cewa ya kai a biya shi, kuma ana yarda da shaidarsa ne saboda ba shi da riba a jinkirta biyan ko a rufe ido kan aibi. Da zarar ka zama mai gini, wannan matsayi ya kuɓuce maka, sai ka ɗauko wani ƙwararre mai zaman kansa ya riƙe shi, ka kuma sanar da abokan jari da masu saye a rubuce cewa mai zanen shi ne mai ginin. Ka duba ƙa'idojin hukumar da ta yi maka rajista da sharuɗɗan inshorarka, domin inshorar kuskuren sana'a sau da yawa ba ta ɗaukar aikin da kake da hannun jari a ciki sai an bayyana.

Wanda ya fi shahara da haɗa rigunan nan biyu shi ne John Portman na birnin Atlanta a Amurka, wanda ya kammala karatun zane a jami'ar Georgia Tech a 1950, ya rasu a 2017 yana da shekara 93. Ya fara harkar ne da mayar da wani tsohon garejin motoci wurin baje kolin kayan ɗaki, kasuwar ta karɓu, ya gina mata sabon gini a 1961, daga nan unguwar kasuwanci ta Peachtree Center ta tsiro. Otal ɗin da ya buɗe a 1967 yana da fili a tsakiyarsa tun daga ƙasa har hawa na 22, kamar tsakar gida da aka yi wa rufi, da lif na gilashi masu hawa da sauka a idon jama'a. Manyan kamfanonin otal sun ƙi shi saboda a ganinsu ɓarnar wuri ce, sai Hyatt ya saya, salon kuma ya bazu a duniya. Da wani ne mai ginin, da wuya ya bar shi ya yi wannan zane. Sai dai rashin mai ce masa a'a yana da nasa illar: an daɗe ana sukar gine-ginensa da cewa sun juya wa titi baya, sun kwashe mutane zuwa gadojin sama sun bar ƙasa fayau, kuma a farkon shekarun 1990 bashi ya yi masa katutu har wasu kadarorinsa suka fita daga hannunsa. A ganina duk mai zanen da ya zama mai gini yana bukatar mutum ɗaya a kusa da shi, akanta ko abokin jari, wanda aikinsa shi ne ya ƙi, kuma wanda ba za a kore shi don ya ƙi ba.

Tsara taimako

Taimakon jama'a yana farawa ne tun kafin gidauniya. Wanda ya riƙe haƙƙin birkila da kafinta, ko ya rage rodi a ginin da mutane za su kwana a ciki, sannan ya je ya gina makaranta da sunansa, bai yi taimako ba tukuna. Haka kuma kyauta daga riba take fita bayan an biya masu bin bashi, ba daga kuɗin da masu saye suka ajiye don gidajen da ba a gama ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka yanke wani kaso na ribar kowane aiki da aka kammala, ka riƙa tura shi wani asusu na daban, domin shekarar da kasuwa ta yi sanyi kada alkawarin da ka ɗauka ya zama maka ɗaukar dala ba gammo.

Jarabawar mai zane a nan ita ce son gini. Yana iya kafa asibiti ko ɗakin karatu mai ban sha'awa, a yanke ƙyalle, a ɗauki hoto, bayan shekara uku rufi ya fara yoyo babu mai gyarawa, babu albashin ma'aikata. Kyautar da ta daɗe a tarihi ita ce wadda aka haɗa ta da abin da zai ciyar da ita, abin da ake kira wakafi. Mimar Sinan, babban mai zanen Daular Usmaniyya da ya rasu a 1588, ya bar wakafi nasa na kansa, inda hayar shaguna da gidaje ke ɗaukar nauyin ƙaramin masallaci da makarantar yara da wuraren shan ruwa. A birnin Augsburg na Jamus, unguwar Fuggerei da attajiri Jakob Fugger ya rubuta takardar kafa ta a 1521 tana nan da mazaunanta mabukata, hayar shekara ba ta kai yuro ɗaya ba, kuɗin gyara kuma yana fitowa ne galibi daga dazuzzukan da gidauniyar ta mallaka. George Peabody, ɗan Amurka mai harkar banki a Landan, ya ba da fam 150,000 a 1862 don gidajen talakawa, ya ƙara har ta kai fam 500,000, rukunin farko ya buɗe a Spitalfields a 1864, kuma an tsara ana karɓar haya mai sauƙi ana mayar da rarar cikin sabon gini. Fugger da Peabody ba masu zane ba ne, amma tsarin nasu ya fi dacewa da mai harkar gidaje fiye da kowa, domin shi yana da ainihin abin da ake bukata: jerin shaguna ko bene guda da zai ware, hayarsa ta riƙa biyan malamai da mai shara da mai gyaran famfo.

Kafin ka zana komai, ka zauna da waɗanda za su yi amfani da wurin da hukumar da za ta gudanar da shi, domin wataƙila abin da suke bukata kuɗin karatun ɗalibai ne ko gyaran abin da ke akwai, sabon gini kuma ɗawainiya zai ƙara musu. Ka yi wa gidauniyar rajista bisa dokar ƙasar da kake, ka naɗa kwamitin amintattu da ba danginka da ma'aikatanka kaɗai ba, a riƙa kawo mai binciken kuɗi daga waje duk shekara. Idan gidauniyar za ta yi gini, kada ta ba kamfaninka kwangilar, ko kuwa idan dole ne, a yi shi a kan kuɗin da aka kashe kawai ba riba, amintattu su amince a rubuce ba tare da kana cikin zaman ba.

Batun sa suna a jikin gini shi ma a rubuta shi. Alfred Taubman ya karanci zanen gine-gine a Michigan bai kammala ba, ya kafa kamfaninsa a 1950, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu gina rukunin kantuna a Amurka, a 1999 kuma ya ba Jami'ar Michigan dala miliyan 30, aka sa wa kwalejin zanen gine-ginenta sunansa. A ƙarshen 2001 kotu ta same shi da laifin haɗa baki wajen tsayar da la'ada a harkar gwanjo ta kamfanin Sotheby's, ya yi zaman kurkuku na wasu watanni, ko da yake har ya rasu a 2015 yana musanta laifin. Jami'ar ta bar sunan, amma sai da ta amsa tambayoyi a kansa. Saboda irin wannan ne takardar kyauta ta kamata ta faɗi tsawon lokacin da sunan zai zauna da halin da za a iya cire shi. A cikin takardar kuma a bayyana wanda zai naɗa sabon amintacce idan ɗaya ya rasu, da kason hayar da za a keɓe wa gyara kowace shekara kafin a taɓa sauran, da abin da za a yi da kadarar idan wata rana unguwar ta sauya, bukatar da aka kafa ta dominta ta gushe.